Kana rubuta kod amma ba ka taɓa taɓa waya ba? Ga yadda za ka fara da Arduino a Yamai

To ƴan'uwa masu rubuta manhaja, maganar ta yau taku ce. Kun iya Python, kun iya JavaScript, wasu har apilikasiyon salula suna yi, amma a ce ka haɗa waya biyu fitila ta kama sai ka ga mutum ya fara ƴan kame-kame. Kod ɗin ba shi ne wahalar ba wallahi, cikin kwana kaɗan za ka gane shi. Wutar ce za ka koya, don a nan in ka yi kure ba saƙon kuskure za ka gani ba, ƙaurin ƙuna za ka ji.

Ka fara da Arduino Uno, ɗan katin lantarki ne da kake tura wa kod daga kwamfuta ya sarrafa fitilu da sensa. Na san akwai masu cewa ai ya tsufa, gaskiya ne, tun 2005 aka faro Arduino a garin Ivrea na Italiya, kuma ƙwaƙwalwar Uno, ATmega328P, gudunta 16 MHz ne kawai. Amma yana da haƙuri, da 5V yake aiki, kuma kusan duk darasin da za ka gani a intanet da shi aka yi. ESP32 na kamfanin Espressif yana da wifi da bulutut, Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 yana karɓar MicroPython, duk suna da daɗi amma 3.3V ne, ka sa wa ƙafarsu, wato inda ake jona waya a kati, 5V kana iya kashe su. Bari su sai gaba.

In za ka yi odar kit daga waje ko ka ba wani mai zuwa Kano ko Kwatano sautu, duba ka tabbata akwai allon nan mai ramuka da ake soka wayoyi ba sai an yi liƙi ba, da ƴan wayoyi, da ƙananan fitilun LED, da rezistans masu rage wuta na ohm 220 da 1k da 10k, da maɓallai. Sauran tarkacen da ake cika kwali da su yawanci ado ne. Abin da ba ya zuwa cikin kit kuma ya fi komai amfani shi ne miltimita, na'urar auna wuta, ka tambayi masu gyaran rediyo da salula inda suke sayen tasu, ko ka zaga Katako, a can ma za ka samu tsofaffin kayan wuta da za ka kwance ka ciri wayoyi da ƙananan moto masu juyawa.

Sai ka sauke Arduino IDE, kyauta ne. Nan mutane da yawa suke maƙalewa tun ba a je ko'ina ba: ka jona kati da kwamfuta amma port bai fito ba. Abu biyu ne galibi. Ko kabul ɗin na caji ne kawai ba ya ɗaukar data (an fi samun haka da Arduino Nano da ESP32, masu ƙaramin baki irin na salula), ko kuma katin kwafi ne na Sin mai guntun CH340, sai ka sa direbansa. Kwafin ba laifi, yana aiki. In port ya fito, buɗe misalin Blink ka tura, ƴar fitilar da ke kan kati, ta ƙafa 13, za ta fara ƙyaftawa. Ka lura babu main da za ka rubuta, setup yana gudu sau ɗaya, loop kuma yana ta juyawa har a ɗauke wuta.

Yanzu ka fitar da fitilar waje, kuma a nan nake so ka natsu. Cire kabul tukuna, kullum a cire kafin a taɓa waya. LED tana da ƙafa biyu, doguwar ita ce ta wajen wuta, gajerar ta tafi GND, ƙafar da wuta ke komawa ta cikinta. Ka soka rezistans na 220 tsakanin ƙafa 8 da doguwar ƙafar, ka kuma canza ƙafar cikin kod ɗin Blink zuwa 8. Me ya sa 220? Jar LED tana cin wajen 2V, saura 3V, ka raba 3 da 220 ka samu kusan 14 mA, ƙafar Uno kuwa 20 mA aka ce a tsaya, 40 ita ce iyakar da in ka wuce ka jawo wa kanka. Wannan lissafin na Ohm shi ne rabin karatun gaba ɗaya. Shi ya sa ba a jona moto ko famfo kai tsaye a ƙafar kati, sai an bi ta taransisto ko rile, masu kunna babbar wuta da ƙarama. Maganar 220V na gida kuwa, don Allah ka ƙyale ta yanzu, ranar da ka kai nan ka nemi mai gyaran wuta ya tsaya maka.

Akwai halayen da ka saba da su a kwamfuta da za su ci amanarka a nan. Uno RAM ɗinsa 2 KB ne, ba mega ba, kilo. Ka yi ta haɗa String kamar kana cikin JavaScript sai kati ya fara hauka ba tare da ya ce maka komai ba. int ɗinsa 16 bit ne, yana kai 32767 sai ya faɗa ƙasa da sifili, saboda haka lokaci a unsigned long ake ajiye shi. delay kuma tsayar da komai yake, ka danna maɓalli a lokacin ba wanda ya ji ka, ka koyi millis, mai ƙirga lokaci ba tare da tsayar da komai ba, da wuri. Shi kansa maɓallin in ka jona shi haka kawai ƙafar tana lilo, wani lokaci 1 wani lokaci 0 ko hannu ka kawo kusa, maganinta INPUT_PULLUP, sai dai ka tuna danna shi LOW zai ba ka. Dibaga kuwa Serial.println ne abokinka, ka buga duk abin da kake shakka.

In wannan ya zauna, yi wani abu da gidanku zai amfana, misali awon ruwan tankin da ke bisa soro. Sensa HC-SR04 tana aika sauti ta jira ya dawo, daga santimita 2 zuwa wajen mita 4. Ka ba ƙafar Trig ta sensar wuta na mikrosakan 10, ka karanta Echo da pulseIn, ka raba da 58, ga santimita tsakanin murfi da ruwa. Ka gwada a bokiti tukuna da ma'auni a hannu kafin ka hau sama. Sai dai 58 ɗin nan lissafin wuri mai sanyi ne, sauti yana tafiyar mita 343 a sakan a digiri 20, kuma kowane digiri yana ƙara masa wajen 0.6, to ka kwatanta da zafin Afrilu na Yamai cikin baƙin tanki, awon zai ɗan kauce, ka gyara lambar da kanka. Kuma HC-SR04 ba ta son laima, gumin tanki zai cinye ta, in za a daɗe JSN-SR04T mai jure ruwa ta fi. Haka ma wajen auna zafi, DHT11 a digiri 50 take tsayawa, ƙarƙashin rufin kwano ba ta da tabbas, ɗauki DHT22 da ke kai 80.

Katin ka sa shi cikin robar abinci mai murfi saboda ƙurar hunturu, a inuwa, ka huda ƙasa wayoyi su fita. In an ɗauke kuran kod ɗinka bai ɓace ba yana nan cikin kati, wuta na dawowa zai tashi daga setup, amma duk abin da ke RAM ya tafi, abin da kake so ya tsira ka rubuta a EEPROM, ma'ajiyar kati da ba ta gogewa in wuta ta tafi. Wasu pawabank kuma suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, ka gwada naka kafin ka dogara da shi.

Ranar da ka so ganin ruwan tankin a salula kana zaune fada ana shan shayi, lokacin ESP32 ya yi. Kod ɗin kusan ɗaya ne a Arduino IDE, amma wifinsa 2.4 GHz kawai yake kamawa, in da salula kake raba konekson ka duba wannan. Echo na sensar kuma 5V yake fitarwa, ka sa rezistans 1k daga Echo zuwa ƙafar ESP32, da 2k daga ƙafar zuwa GND, ka gwada da 5V a madadin Echo, ka ɗora miltimita ka ga wajen 3.3V ne zai shiga kafin ka jona. In kayan ba su iso ba tukuna, shafin Wokwi yana barin ka gwada yawancin wannan a burawza.