Kurakuran da ake yi da kalmomin iyali da jama'a na aron Larabci

Alhazanmu kan dawo daga Makka suna murnar sun ji kalmominmu a bakin 'yan Pakistan da Indonesiya. Gaskiya ne, rijiya ɗaya muka sha. Sai dai kalma idan ta yi ƙaura, takan sake hali, kuma a nan ake tuntuɓe.

Wanda ya fi damuna shi ne aurat. A Urdu, harshen Pakistan, ma'anarta mace, haka kawai, ba da wata muguwar manufa ba. Tushenta ɗaya da al'aura tamu, abin da ake suturcewa. Bahaushen da ya fassara ta da ma'anarmu zai ɗauka zagi aka yi, alhali ana zancen uwa ko 'yar'uwa ne. Gyaran shi ne ka tambayi mai harshen kafin ka ɗora mata ma'anar gida.

Haka jama'a. Mu taron mutane muke nufi, amma jamaa a Suwahili ɗan'uwa ne ko dangi. Daga nan Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ya ɗauko ujamaa, tsarin da ya shimfiɗa wa Tanzaniya a sanarwar Arusha ta 1967, wato a zauna kamar 'yan gida ɗaya. Wanda ya ce ma'anarta "mulkin jama'a" ya zubar da zumuncin da ke cikinta. In al'umma ake nufi, jamii suke cewa. A Malesiya kuwa ahli, 'yar'uwar ahali tamu, tana nufin mamba ko gwani.

Ko iyali ma, Bamasare idan ya ce iyal yara yake nufi, mu kuwa magidanci kan ce "iyalina" yana sakaya sunan matarsa don kunya.

Akwai masu mayar da komai Larabci. Keluarga ta Indonesiya, wato iyali, daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, khandan ta Urdu, wato dangi, daga Farisanci. Kawu da baffa da goggo kuwa Fulani ne suka ba mu.

Sai rubutu. Ina ganin jamaa da alumma da kabila a Facebook kullum, abin yana taɓa ni. A rubuta jama'a, al'umma, zuri'a da alamarsu, ƙabila kuma da ƙ mai lanƙwasa, domin ita ce ta tsaya a gurbin harafin ƙaf na Larabci.