Yadda za ka san abin da za ka biya a asibitin gashin ƙashi mai zaman kansa

Gashin ƙashi magani ne na zarya. Mai targaɗen idon sawu yana iya gamawa a zama kaɗan, amma wanda aka yi wa tiyatar canjin gwiwa yakan kwashe wajen wata uku yana zuwa, ɗan wasan da aka gyara wa jijiyar cikin gwiwa da ta tsinke yakan yi wata tara zuwa shekara kafin ya koma fili, mai shanyewar ɓarin jiki kuwa lamarinsa na watanni ne. Don haka wanda ya tambayi kuɗin zama ɗaya kawai bai san abin da ke gabansa ba tukuna. Abin da ya fi cutar da majinyata shi ne a fara da ƙarfi, sau uku a mako, a mako na uku aljihu ya ƙare ko inshora ta ce iyakarta ke nan, a daina zuwa daidai lokacin da gaɓa ta fara saki. Tun ranar gini ake zane: lissafin dukan maganin ake yi kafin zama na biyu.

Abin da ke cikin farashi

Kusan kowane asibiti yana da farashi biyu. Zaman farko na bincike ne, yakan ɗauki minti 45 zuwa 60: likitan gashi zai ji tarihin ciwon, ya duba hotuna da takardun da ka zo da su, ya gwada ƙarfin tsoka da iyakar motsin gaɓa, ya tsara magani. Ya fi tsada saboda ya fi tsawo kuma akwai rubuce-rubuce a bayansa. Zaman da ke biyo baya yakan kasance minti 30 zuwa 45. Idan ka daɗe ba ka zo ba, ko ka dawo da ciwo a wata gaɓa daban, wurare da yawa za su sake lissafa maka kuɗin zaman farko, don sabon bincike ne.

Ka tambayi minti nawa ne zaman, sannan a cikinsu minti nawa likitan zai kasance tare da kai shi da kansa. Wannan tambayar ce ke bambance mai araha da mai tsada na gaskiya. Awa ɗaya da aka kwantar da kai, aka ɗora maka jakar ɗumi da wayoyin na'urar lantarki, likita yana zagaya mutum huɗu, ba ta kai minti 30 da ya tsaya a kanka yana gyara maka yadda kake atisaye ba. A yawancin ciwon baya, wuya, kafaɗa da gwiwa, motsa jikin da aka tsara maka shi ne ginshiƙin magani. Ɗumi da lantarki taimako ne na rage zafi. Wasu wuraren kuma suna bambanta farashi tsakanin babban likita da ƙarami, ko suna lissafi da gutsuren lokaci. A Amurka, misali, ana cajin ayyuka da yawa a kan kowane minti 15, shi ya sa takardar zama ɗaya take fitowa da layuka uku ko huɗu.

Sai abubuwan da ba sa cikin kuɗin zama, waɗanda su ne ke ba mutane mamaki a wurin biya: kuɗin buɗe fayil, filastar ɗaure tsoka, robar atisaye, bel na ƙugu ko takalmin gwiwa, sandar dogarawa, atisaye cikin ruwa, wasu na'urori na musamman, rahoton da za a rubuta wa wurin aikinka ko lauya. Zuwa gida yana da nasa farashi, saboda ana haɗa lokacin tafiya da kuɗin hanya. Ka nemi takardar farashi gaba ɗaya, kuma ka ce kada a sa maka wani abu mai ƙarin kuɗi sai an gaya maka tukuna. Kayan da za ka tafi da su gida, ba dole ne ka saye su a asibitin ba. Ka karɓi suna da girma, ka gwada farashi a waje.

A ƙarshen zaman farko, ka nemi abu uku a rubuce: sunan ciwon, adadin zaman da ake hasashe da yadda za a raba su a mako, da ranar da za a sake auna ka. Likitan kirki ba zai yi maka alkawarin ranar warkewa ba, amma zai iya cewa zama shida zuwa takwas cikin mako shida, a sake dubawa a zama na huɗu. Wanda ya ce ka biya kuɗin zama ashirin tun bai taɓa jikinka ba, ka yi hattara da shi.

Inshora: abin da za ka tambaya kafin ka taka ƙofar asibiti

Ka kira kamfanin inshorarka da kanka, katinka a hannu. Ma'aikacin karɓar baƙi na asibiti yana iya taimakawa, amma yarjejeniyar tsakaninka da kamfanin take, kuma idan suka ƙi biya kai za a bi bashi. Ga tambayoyin:

Shin tsarina ya haɗa da gashin ƙashi na wanda ba a kwantar ba? Wasu tsare-tsaren suna biya ne kawai idan kana kwance a asibiti ko bayan tiyata.
Sai da takardar turawa daga likita? Idan eh, dole kwanan watanta ya riga zaman farko.
Sai an nemi amincewa tukuna? Mece ce lambar amincewar, zama nawa ta ɗauka, na wace gaɓa, yaushe wa'adinta zai ƙare?
Wannan asibitin, da wannan likitan da sunansa, suna cikin waɗanda kuke hulɗa da su?
Mene ne iyakata a shekara, da adadin zama ake ƙirgawa ko da kuɗi, kuma yaushe shekarar take sabuntuwa?
Nawa ne kasona?

Ka rubuta ranar kiran, sunan wanda ya amsa da lambar shaidar kiran, ko ka ce a turo maka amsar ta imel.

Batun kaso yana buƙatar a tsaya a kansa, domin iri uku ne kuma suna iya haɗuwa a tsari ɗaya. Akwai kuɗin farko da za ka biya daga aljihunka a kowace shekara kafin inshora ta fara sa hannu. Akwai tsayayyen kuɗi da ake karɓa a kowane zuwa. Akwai kuma kaso cikin ɗari na kowane zama. Mu ƙaddara, da kowane irin kuɗi kake lissafi, farashin asibiti 100 ne a zama, amma sun daidaita da kamfaninka a kan 80. Kuɗin farkonka 160 ne, kasonka 20 cikin 100, iyakarka zama 10, likita kuma ya tsara 12. Zama biyu na farko kai za ka biya duka, 160, kuma a tsare-tsare da yawa ana ƙirga su cikin goman. Takwas da suka biyo baya 16 kowanne, 128 ke nan. Biyun ƙarshe sun wuce iyaka, suna iya komawa farashin asibiti, 200. Jimla 488 daga wurinka, 512 daga inshora. Mutumin da ya shigo yana ganin kashi 20 kawai zai biya ya tashi da kusan rabi. Idan kuma asibitin ba ya cikin waɗanda kamfanin ke hulɗa da su, ko da sun yarda su biya, a kan 80 ɗinsu za su yi lissafi: su ba da 64, kai ka cika 36 a kowane zama maimakon 16.

Abu biyu ne suka fi hana biya tun daga tushe. Na farko ciwon da ya riga shigarka inshorar: idan baya ya daɗe yana damunka kafin ka yi rajista, tsare-tsare da yawa sun cire shi ko sun sa masa lokacin jira. Kada ka ɓoye shi, domin bayanan likitoci za su nuna, kuma ɓoyewa tana iya jawo a soke tsarin ɗungurungum. Na biyu, inshora takan biya maganin da ake ganin ci gaba a kansa, takan janye idan ta ga zaman ya koma na lallaɓa tsohon ciwo kawai. Shi ya sa awon da likita ke rubutawa yake da daraja: gwiwa tana lanƙwasuwa digiri 70, yanzu ta kai 100, da yana tafiyar minti biyar, yanzu ashirin. Da irin waɗannan alƙaluma ake neman ƙarin zama, kuma a nema tun saura biyu ko uku, kada a bari su ƙare, domin amsa takan ɗauki kwanaki kuma zaman da aka yi babu amincewa galibi a wuyanka yake. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya nemi amincewar gashin tun kafin a shiga da shi. Makonnin farko bayan tiyatar gaɓa ba na jiran takarda ba ne, don gaɓar da ta sandare tana da wuyar dawowa.

Idan a wurin aiki ka ji rauni ko a hatsarin mota, ka faɗa tun ranar farko. A ƙasashe da yawa inshorar diyyar ma'aikata ko ta abin hawa ce ke da alhakin biya, kuma inshorar lafiyarka tana iya ƙin karɓar takardar idan ta gano haka daga baya.

Wa zai biya asibiti, kuma yaushe

Hanya biyu ce. Ko asibiti ya tura wa kamfani takarda kai tsaye, kai ka biya kasonka kawai, ko ka biya duka sannan ka nemi a mayar maka. A hanya ta farko za a sa ka sa hannu cewa duk abin da inshora ta ƙi biya naka ne, wasu ma za su riƙe bayanan katin bankinka. Ka karanta kafin ka sa hannu, ka nemi a sanar da kai kafin a cire ko nawa ne. A ta biyu, rasit shi ne komai. Ya zamana yana ɗauke da cikakken sunanka yadda yake a katin inshora, ranar kowane zama, sunan likitan da lambar lasisinsa, sunan asibiti da adireshinsa, sunan ciwon ko lambarsa, aikin da aka yi, kuɗin, da shaidar an biya. Lambar ciwon daga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ake ɗauko ta, ICD-10, ko sabonsa ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Idan takardar turawa ta ce kafaɗa, rasit ya ce wuya, za a dawo da ita. Haka idan an juya harafi a suna, an kuskure ranar haihuwa, ko wa'adin miƙa takardu ya wuce. Kowane kamfani yana da nasa wa'adin; ka miƙa duk wata, kada ka tara sai an sallame ka.

In aka ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce. Yawancin ƙin da ya samo asali daga kuskuren takarda ana gyara shi da sabon rasit. Wanda ya shafi ko maganin ya zama dole, likitanka ne zai rubuta wasiƙa da awonsa, kai kuma ka ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da aka ba ka. Abin da ba za ka yarda da shi ba ko da an ce taimako ne: a canza kwanan wata, a rubuta zaman da ba a yi ba, ko a sa sunan wani ciwo don inshora ta biya. Zamba ce, kuma sunanka ne a kan takardar.

Biyan kuɗin zama da yawa a dunƙule

Rangwamen gaskiya ne, amma ka san sharuɗɗan. A ce zama 10 a 900 maimakon 1,000. Ka warke a na shida. Wurare da yawa za su lissafa shidan a cikakken farashi, 600, su mayar maka da 300, ba 360 da kake tsammani ba. Wasu ba sa mayarwa sam. Ka tambayi ko zaman suna da ranar ƙarewa, ko za a iya dakatar da su idan ka kwanta rashin lafiya ko ka yi tafiya, ko za a iya mayar da ragowar kan wani ciwo. Irin wannan biya ya dace da wanda maganinsa tabbas mai tsawo ne, kamar bayan tiyata ko shanyewar jiki. Ga sabon ciwon baya, wanda yawanci yakan lafa cikin mako shida, gara ka biya zama-zama har ka ga inda aka dosa.

Ka kuma san ƙa'idar fasa zuwa. Galibi ana son sanarwa awa 24 kafin lokaci, in ba haka ba a caje ka rabi ko duka, tunda an hana wani gurbin. Inshora ba ta saba biyan wannan ba. Makara kuma daga lokacinka ake cire ta, kuɗin yana nan yadda yake.

Idan kuɗin ba za su kai ba

Ka gaya wa likitan tun farko, ka faɗi adadin zaman da za ka iya. Babu abin kunya a ciki, kuma yana canza yadda zai tsara aikin. Zama shida da aka shimfiɗa cikin wata uku, biyu a kusa da juna sannan a riƙa tsawaita tazara, tare da atisayen gida da aka rubuta ko aka ɗauka maka a bidiyo da wayarka, sukan fi shida da aka cinye cikin mako biyu amfani, saboda tsoka tana buƙatar makonni kafin ta yi ƙarfi. Ka tambaya ko akwai ajin atisaye na rukuni, gajeren zaman dubawa, ganawa ta bidiyo, ko biya kaɗan-kaɗan. Bayan tiyata kuwa, a zuba yawancin zaman a makonnin farko. Ranar sallama ka karɓi takardar bayanin maganin da aka yi maka da cikakken lissafin asusunka mai nuna babu bashi, ka ajiye su tare da rasit ɗinka, domin kamfanin inshora yana iya waiwayar takarda bayan watanni.