Shawara kan jan ɓawon gyaɗa a kunun yara

Assalamu alaikum, 'yan uwa mata. Ina so in ja hankalinmu kan siririn jan ɓawon da ke jikin ƙwayar gyaɗa, musamman mu da muke dama kunu ga yaran da aka yaye.

Kusan kashi 25 cikin 100 na gyaɗa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Shi kuwa ɓawon yana ɗauke da sinadaran folifenol, musamman tanin, waɗanda ke manne wa furotin, har ma da sinadaran da ciki da hanji ke fitarwa don narkar da shi, sai narkewar ta ragu. Baurin da ake ji a baki idan an tauna ɓawon, ko goro, alama ce ta wannan mannewar, domin furotin ɗin da ke cikin yawu ne tanin yake kamawa. Haka kuma tanin yana rage sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke samu daga hatsi da ganye don yin jini.

Saboda haka, idan na sayo gyaɗa a kasuwar Kawo, nakan tsince masu fumfuna in zubar, in soya sauran sama-sama, in bari ta huce, sannan in murje a faifai in bushe ɓawon kafin a kai markaɗe. Kunun ma ya fi fari da laushi.

Babba mai lafiya kuwa ba sai ya murje ba, domin folifenol ɗin nan na taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Sai dai mai ƙarancin jini, kamar mai juna biyu, gara ta jinkirta shayi ko goro zuwa awa 1 ko 2 bayan cin abinci, domin su ma suna ɗauke da tanin.