Yadda Ake Shirya Sabon Akwatin Ajiye Tabar Siga a Yanayin Kebbi

Wani abokin kasuwanci ya ba kawuna kyautar akwatin katako mai sheƙi, da tabar siga guda 20, irin wadda ake naɗewa da ganyenta ba da takarda ba, wadda ƙasar Kuba ta yi suna a kanta. Ya zuba su ciki, ya ɗora bisa durowa a falonsa a Birnin Kebbi, ana tsakiyar hunturu. Bayan mako uku ya kira ni: "Ɗana, zo ka ga ikon Allah, taba ta koma kara." Ganyen waje ya tsattsage, kana taɓawa yana marmashewa. Na ce, "Kawu, ai akwatin ne ya shanye ta."

Duk wanda ya taɓa ganin huhun goro ya riga ya fahimci rabin zancen. Ana lulluɓe goro da ganye, ana yayyafa ruwa daidai misali. Ya yi kaɗan goro ya yanƙwane, ya yi yawa ya ruɓe. Tabar siga ma haka take. Tana son danshin iska tsakanin kashi 65 zuwa 72 cikin 100, da sanyi kamar digiri 18 zuwa 21. Ba ina kwaɗaita wa kowa shan ta ba ne, illarta ga huhu da baki sananniya ce, kuma dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Magana ce ta adana kaya ga wanda suka riga suka shigo hannunsa.

Fara da duba murfi. Ɗaga shi kaɗan ka saki: in ya sauka a hankali da ɗan hucin iska, ya kama, in ya buga kwas, iska na zurarewa. Ko ka maƙala takardar naira a bakin akwatin ka rufe, ka ja. In ta zare salin-alin, akwatin zai wahalar da kai duk rani.

Daga nan sai ma'aunin danshi. Mai allura da ke zuwa manne da akwati yawanci ado ne, nemi mai batir da ke nuna lamba. Shi ma kada ka yarda da shi sai ka gwada. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar yashin bakin gulbi, kada ya narke. Saka shi da ma'aunin a roba mai rufuwa gam, ka bar su su kwana. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da danshi a kan 75. In ma'aunin ya nuna 71, ka san yana rage 4 ne, sai ka rubuta a takarda ka liƙa masa, kullum ka riƙa ƙarawa.

Yanzu babban aikin, shayar da katako. Cikin akwatin an shimfiɗa wani katako da ake kira sida na Sifaniya, ko da yake ba a Sifaniya yake fitowa ba, daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, kuma dangin maɗacinmu ne. Amfaninsa shi ne yana shan laima ya riƙe, ya riƙa saki a hankali. Amma sabo a bushe yake zuwa, ga ƙishirwa, shi ya sa ya fara da tabar kawu.

Ruwan da za ka yi amfani da shi tataccen ruwa ne, wanda aka dafa aka tara tururinsa. Ban da na rijiya, ban da na famfo, ban da fiyawota: gishirin ƙasa da ke cikinsu yana toshe soso, kuma suna jawo funfuna. Ka saya a kemis. Masu gyaran batir ma suna da shi, sai dai a shagonsu akwai wani ruwan mai asid, kwalaben kuma sun yi kama; ni dai ba na kasada.

Jiƙa sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, matse shi, ɗora bisa ɗan faranti a tsakiyar akwatin, ajiye ma'auni a gefe, rufe. Wasu na goge katakon da jiƙaƙƙen tsumma don sauri. Ban goyi baya ba, domin katako busasshe in ya sha ruwa farat ɗaya yakan kumbura ya karkace, murfi ya daina zama. Bar shi ya sha ta iska. Bayan kwana biyu ka leƙa, in soson ya bushe ka sake jiƙawa. A damina kwana uku zuwa biyar kan isa. A hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, danshin gari kan faɗi ƙasa da 20, ka sa rai da mako guda ko fiye. Mai hali ya sayi ƙunshin Boveda, wato 'yar fakitin da ke tsayar da danshi a kan lambar da aka rubuta a jikinta, mai lamba 84, ya jefa ciki, ya rufe kwana 14 ba buɗewa.

Ma'auni zai haura 75, ko ya kusa 80. Cire soson, saka abin riƙe danshi na dindindin, ko dai ɗan gwangwanin da ya zo da akwatin ka ɗura masa tataccen ruwa, ko ƙunshi mai lamba 69, ɗaya mai giram 60 ga kowane gurbin taba 25. Jira kwana ɗaya ko biyu lamba ta sauko ta zauna wajen 70. Sannan ne taba za ta shiga, kuma kada ka cusa har baki, bar wa iska hanya.

Abin da takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba shi ne, a nan zafi ya fi bushewa haɗari. A Maris da Afrilu gari kan wuce digiri 40. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa-ƙasa da ƙwansa kan zo ɓoye cikin ganyen taba. Zafi da laima in suka haɗu sai ya ƙyanƙyashe, ya huda taba kamar yadda sankara ke yi wa goro. Alamarsa 'yan ramuka kamar hujin allura da gari-gari a ƙasan akwati. Rigakafi: ƙulle sabuwar taba a leda mai zif, kwana ɗaya a firij, kwana uku a firiza, kwana ɗaya kuma a firij kafin ta koma akwati. Wannan sai inda wuta ke tsayawa, don firizar da ke narkewa tana sake daskarewa ɓarna za ta yi. Nemi mai sola. Kuma firij ba ma'aji ba ne, busar da taba yake.

Wurin ajiya kuwa, nemi ƙuryar ɗaki mafi sanyi, a ƙasa, nesa da taga da rufin kwano da hayaƙin turaren wuta, domin ganyen yana kwasar ƙamshin duk abin da ke kusa. Ɗakin ƙasa ya fi na bulo. Ni dabarata ita ce in saka akwatin gaba ɗaya cikin kula, ba ƙanƙara, in rufe; tana rage hawa da saukar zafi tsakanin rana da dare. In babu na'urar sanyaya ɗaki, a bazara kada ka tara da yawa.

Da ruwa ya zauna, wajen Yuli da Agusta, lissafi ya juya. Lamba ta wuce 72, rage ruwa ko ka koma ƙunshi mai 65. Funfuna fari a jikin ganye ana iya sharewa da busasshen kyalle, amma in ya yi kore ko ya shiga bakin tabar, zubar da ita, ka fitar da sauran, akwati ya sha iska a inuwa.

Tabar kawu, takwas da ba su tsage ba muka ware. Mun saka su a roba da ƙunshi mai 65 na mako biyu, sannan muka mayar akwati. Sai da suka yi wata guda kafin su yi laushi in an matsa, ƙamshin kuwa bai dawo duka ba.