Kafin ka murɗa sukurun kabureta: gyaran tsohon injin jirgin ruwa

Toh 'yan uwa masu jirgi, na Yauri da na Baga da duk inda ake ɗaura Yamaha Enduro 15 ko 40 a bayan kwale-kwale, abin da ke ba ni haushi shi ne da inji ya fara tari sai kaga mutum ya zaro sukudireba ya hau murɗa kabureta, alhali sau da yawa ba ruwanta, matsalar wuta ce ko mai.

Fara da man. Tsiyaya kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyu, in akwai ruwa za ka ganshi ya kwanta a ƙasa, kuma man jarka bai cika rasa ruwa ko datti ba. Haɗin ma ka duba, yawancin injinan nan masu shan haɗi 50:1 ne, wato tankin lita 25 rabin lita na baƙin mai, amma tsofaffin Johnson da Evinrude na kafin 1964 yawancinsu 24:1 suke so. Ka buɗe ɗan numfashin murfin tanki, ka matsa famfon tiyo sai ya yi tauri. Wlh na taɓa kwance kabureta gaba ɗaya ashe numfashin nan ne a rufe.

Sai wuta. Cire fulogi ka kalli bakinsa, in ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara lafiya lau, in baƙi ne jiƙe to mai ya yi yawa ko wutar ta yi sanyi, in fari fat ne kuwa tsaya cak, inji na ƙishin mai kuma fistin ne zai biya. Wutar ta zama shuɗiya mai ƙara, ta iya tsallake kamar milimita 6, ba 'yar ja mai lilo ba.

Taimin, wato daidai lokacin da wuta ke zuwa fulogi, nan ne mutane ke tsoro. Mai kontak ('yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa su ba da wuta) a ƙarƙashin filawil (faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji), irin tsohon Johnson, ka goge bakin kontak ɗin ka juya har ya buɗe iyakarsa ka saita gibin 0.5 milimita, ko wane silinda da nasa kuma su zo daidai, don gibin shi ke cewa wuta ta zo da wuri ko ta makara. Mai CDI, wato akwatin lantarki da ke ba da wuta, ba kontak, amma akwai ɗan makullin ƙarfe da ke riƙe filawil a kan karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, ranar da farfela ta daki kututture ko notin saman filawil bai ɗauru ba sai ya yanke, filawil ya ɗan zame, taimin ya tafi, wuta tana nan amma inji na harbi baya yana fizge maka igiya. Sabon makulli kawai, kada a saka ƙusa dan Allah. Kuma kar a cire filawil da guduma, a nemo abin zarewa. Shi kuma sukurun da ke tare farantin wuta a cikakken gudu, ni dai shawarata in ba ka da fitilar taimin da adadin digirin injinka to ka bar shi yadda kamfani ya sa, masu ƙara shi wai don gudu su ne ke huda fistin a tsakiyar ruwa.

Yanzu ne aka zo kabureta. Kwance kofin ƙasa, fito da jet ('yan sukurori masu rami da mai ke bi) babba da na silo (na lokacin da inji ke tafiya a hankali), wanke da fetur ka hura, ka ɗaga wa rana ka ga haske ta ramin. Kar ka zura allura, ramin zai faɗaɗa ya dinga shan mai har abada. Fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin kofin, ka girgiza a kunne, in ka ji mai a ciki ya huje.

Saitin kuwa a cikin ruwa ake yi, inji ya yi zafi, giya a ciki, jirgi a ɗaure. A tudu ba zai zauna daidai ba, ga shi kuma roban famfon ruwa na ƙonewa cikin sakanni in ba ruwa. Murɗa sukurun silo ciki a hankali har ya taɓa, kar ka danne, sai ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi ka tayar. Daga nan kaɗan kaɗan, kana jira kamar sakan 15 tsakanin kowace murɗa. A yawancinsu ciki rage mai ne, in ya fara atishawa ta kabureta ko ya mutu da ka ba shi wuta to ka matse da yawa, in yana gurnani da hayaƙi yana girgiza jirgi mai ya yi yawa. Nemi tsakiya, sannan ka ɗan karkata ɓangaren mai, gara hayaƙi kaɗan da fistin ya kama.

In silo ya zauna amma a cikakken gudu yana nutsewa, ja cok (abin da ke rage iska zuwa kabureta) kaɗan, in ya farfaɗo to babban jet ne ko famfon mai ko tiyo na shan iska, koma can.