Darasi Na 6: Jijiyar Ƙwanji Da Ciwon Kafaɗa

To jama'a, kafin mu fara kowa ya lanƙwasa hannunsa ya juya tafin sama kamar mai karɓar canji. Wannan tsokar da ta kumburo a damtsenka ita ce ƙwanji. Ta sama ta rabu gida 2, kowanne da jijiyarsa mai ɗaure shi da ƙashi. Gajeruwar tana kama wani ɗan ƙashi a gaban allon kafaɗa, ita ba ta cika ba da matsala ba. Doguwar ce mai rigima, don sai ta bi ta wani ɗan kwari da ke jikin ƙashin damtse kamar igiyar guga a bakin rijiya, ta shige har cikin gaɓar kafaɗa sannan ta kama. Sa yatsa a gaban kafaɗarka ka juya hannun ciki da waje a hankali, in ba ka da ƙiba sosai za ka ji tana motsi.

Amma fa ba iri ɗaya Allah ya yi mu ba. Kusan mutum 1 cikin 10 ƙwanjinsa gida 3 ya rabu, yawanci ma har ya tsufa bai sani ba. Wani kuma kwarin nasa ba zurfi, jijiyar ta riƙa zamewa tana goguwa da ƙashi. Shi ya sa za ka ga 'yan dako biyu a kasuwar Mile 12 ta Legas, kwandon tumatir iri ɗaya suke cicciɓa zuwa ka tun asuba, ɗaya garau ɗaya kuma ko hula ya kasa sawa don zafi, sai a ce rago ne ko sanyin Legas ne ya kama shi, alhali jijiya ce ta kumbura.

Alamarta zafi a GABAN kafaɗa, ya ƙaru in ka ɗaga kaya sama da kai, wani lokaci ka ji ƙas-ƙas. A huta da ɗaga nauyi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15. Ni dai ban son yadda ake ruga wa kemis ana haɗiyar maganin ciwon jiki kamar gyaɗa a koma aiki, zafin ne ya kwanta, goguwar jijiyar na nan, ga olsa na jira.

In kuwa ka ji ɓas, tsokar ta zazzago ta dunƙule kusa da gwiwar hannu, jijiyar sama ce ta tsinke, an fi gani ga wanda ya haura 40. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ƙashi lafiya lau yake. Da yawa ba sai an yi tiyata ba, gashi da motsa hannu sun isa, amma likita ne zai faɗa. Wadda ta tsinke ta wajen gwiwar hannu ita kam ba a jinkiri, cikin 'yan makonni ake son ɗinke ta. Asibitin ƙashi na Igbobi na nan kan titin Ikorodu a Legas.

Aikin gida: rubuta ayyuka 3 da kake yi kullum hannunka na sama da kanka.