Yadda za ka gane ulu na gaskiya a gwanjo, da yadda za ka wanke shi bai lalace ba

Jama'a sanyi ya kusa, nan da 'yan makonni duk wanda ya leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi zai ga an fara fasa dilolin kayan sanyi, suwaita, kot, safa, bargo, an zube su tsibi-tsibi ana ta kiran farashi. Abin da ke damuna shi ne a cikin tsibin nan akwai kayan ulu na asali, wanda a can inda ya fito kuɗinsa ya ninka na roba sau da yawa, amma a nan kuɗi ɗaya ake sayar da su, mutane kuma su tsallake shi su ɗauki na roba saboda ya fi sheƙi. Wanda ma Allah ya sa ya dace da na gasken, wanki ɗaya ya kashe shi.

Toh bari mu fara daga tushe. Mafi yawan abin da muke kira zaren ulu, wanda mata ke saƙa hula da kayan jarirai da shi, akirilik ne, daga man fetur ake yinsa, kuma sai wajen 1950 ya shigo kasuwa a Amurka. Ulu na gaske gashin tunkiya ne, kuma ba kowace tunkiya ba. Namu na nan, Balami da Uda da 'Yankasa, gashinsu gajere ne mai kaushi, ba ya kaɗuwa ya zama zare, shi ya sa kakanninmu suka riƙe auduga, ulu kuwa sai dai fatake su ratso Sahara da shi, alkyabba da mulufi da jar dara duk ta wannan hanyar suka zo fadojin sarakuna. A Afirka ta Yamma in kana neman tunkiya mai ulu sai ka je Masina a ƙasar Mali, inda Fulani ke kiwonta suna saƙa barguna. A duniya gaba ɗaya ma yanzu ulu bai wuce kamar kashi 1 cikin 100 na zaren da ake samarwa ba, foliyesta kuwa ya haura rabi. Kenan in ka ga riga a tsibi, ka ɗauka roba ce sai in ta nuna maka ba haka ba.

Abu na farko, juya rigar ka nemi lakabin da ke ɗinke a gefen ciki, ba na wuya ba. In an rubuta wool, ko laine in daga Faransa ta fito, ko lana in daga Italiya ko Sifen, to ka duba lambar da ke gabansa, kashi nawa ne. Kashi 100 shi ne sarki, 70 ko 80 ma ba laifi, amma wanda aka sa kashi 10 don dai a samu rubuta sunan, bar musu abinsu. Akwai kuma wata alama mai kama da ƙullin zare mai kusurwa uku, Woolmark, tun 1964 ake amfani da ita, in ka ganta ka ƙara riƙe rigar da kyau.

In ka ga an rubuta merino, dan Allah kar ka ajiye ta ka ce bari ka zagayo. Merino tunkiyar Sifen ce, kuma ɗaruruwan shekaru Sifaniyawa suka hana fitar da ita daga ƙasar, hukuncin kisa ne a kan wanda ya fitar, saboda ulunta shi ne arzikinsu. Sai a ƙarni na 18 aka sassauta, a 1786 sarkin Faransa ya samu garke ya ajiye a Rambouillet, a 1797 kuma 'yan ƙalilan suka isa Ostareliya ta hanyar Afirka ta Kudu, yau ga shi Ostareliya ce kan gaba a ulu mai laushi a duniya. Sirrin yana cikin siranta, ana auna kaurin silin da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, na merino yawanci ƙasa da 24 ne, gashin kan mutum kuwa yakan kai 50 zuwa 100. Shi ya sa merino ba ya ƙaiƙayi. Ka goga rigar a wuyanka ko cikin damtsenka, ba a tafin hannu ba, in ta soke ka ulu mai kauri ne, ya dace da kot ko bargo, in ta kwanta lafiya za ka iya sa ta ko a kan singileti.

Amma lakabi yana ƙarya, wani kuma an yanke shi. Ko Turawan Ingila da suka gina arzikinsu kan ulu an taɓa yi musu. Tun zamanin Sarki Edward na 3 a ƙarni na 14 shugaban majalisar dattawansu yake zama kan wani jan matashi da aka cika da ulu don tuna abin da ya ciyar da ƙasar, sai a 1938 aka buɗe aka tarar gashin doki ne a ciki. Don haka ka gwada da kanka. Dunƙule hannun rigar a tafinka ka matse sosai ka saki, ulu zai miƙe ya koma yadda yake, ba ya riƙe yamutsa. Ɗiga masa ruwa kaɗan, a kan ulu ɗigon zai ɗan tsaya kafin ya shige, in ya jiƙe kuma za ka ji wani ɗan warin dabba, wannan ba aibi ba ne, shaida ce.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta, amma ka nemi izinin mai kaya, ka ce Alhaji bari in zari sili ɗaya daga cikin ɗinki, yawanci ba sa hanawa in sun ga da gaske saye za ka yi. Matsa gefe nesa da kayan mutane ka ƙyasta ashana. Ulu ba ya son kamawa, zai ƙanƙance ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Sallah, kana janye wutar ya mutu, abin da ya rage kuma baƙin dunƙule ne da kana murzawa zai zama gari. Akirilik kuwa ci zai yi da sauri yana narkewa da baƙin hayaƙi, ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murzuwa, kuma kar ka taɓa shi da zafi don yana manne wa fata. Maza masu sayen yadin kaftani da ake ce musu ulun Italiya ne ko kashmiya, wannan gwajin naku ne ma, ku nemi ƙyalle. Kashmiya ta gaske daga jikin akuya take fitowa, mafi yawa daga Sin da Mongoliya, akuya guda ɗan abin da take bayarwa a shekara bai kai rabin kilo ba, to ku yi lissafi da kanku ku ga ko za ta zo a wannan farashin.

Kafin ka biya ɗaga rigar sama ta fuskanci rana, ka duba ƙananan huji, musamman hammata da ƙirji, aikin asu ne. Huji ɗaya ko biyu ana iya ɗinkewa, in sun yi yawa ka haƙura. Bargo mai nauyi mai launin toka da ɗigo-ɗigon kaloli a jiki kuwa sau da yawa tsohon ulu ne aka yayyaga aka sake kaɗawa, sana'ar da wani Benjamin Law ya fara a garin Batley na Ingila a 1813, har yau kuma garin Prato a Italiya da ita aka san shi. Yana da ɗumi sosai, sai dai bai kai sabon ulu ƙarko ba, ka taya shi daidai da haka.

Yanzu wanki, nan ne ake ɓarna, kuma wallahi abin yana ba ni takaici. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, in ya haɗu da ruwan zafi da sabulu da cuɗa sai ɓawon nan su sarƙe da juna, rigar babba ta koma ta yaro, ta yi tauri, kuma ba ta dawowa. Masu yin jar dara a Tunis da gangan suke haka, su saƙa hula ƙatuwa sannan su yi ta bugunta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta yi kauri kafin a rina ta ja. Kai ba dara kake so ba, don haka ruwan sanyi za ka zuba a baho, ka sa shamfu na wanke kai kamar cokali ɗaya, tunda gashi ne, ka juya rigar ciki waje ka nutsa ta, ka bar ta kamar minti 10, ka ɗan daddanna a hankali. Ba cuɗa, ba buroshi, ba bugu a kan dutse. Garin sabulu mai ƙarfi yana busar da ita, bilic kuwa narkar da ulu yake yi gaba ɗaya, ko kusa kar ya zo. Ɗauraye da ruwa mai sanyi irin na farko, kar ka sauya daga ɗumi zuwa sanyi.

Kar ka murɗa. Shimfiɗa tawul ka ɗora ta ka naɗe su tare ka danne ruwan ya fita, sannan ka shimfiɗa ta a kwance kan tabarma a inuwa ka gyara mata siffa da hannu. In ka rataya a igiya nauyin ruwan zai ja ta ta yi tsawo, kafaɗun su lalace, don ulu yana iya shan danshi har kusan kashi 30 na nauyinsa. Da iskar hunturu irin tamu ta Bauchi ba za ta daɗe ba ta bushe. In za a yi guga a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, dutsen kar ya taɓa ta kai tsaye, masu kai wa mai wanki ku faɗa masa da baki, don shi duk kaya ɗaya yake ɗaukarsu.

Kuma ba sai kullum ana wankewa ba, ulu ba ya riƙe warin gumi kamar roba, ka kakkaɓe ƙura ka baza ta ta sha iska da dare ya isa. In sanyi ya wuce wajen watan Maris sai a wanke ta kafin a adana, don gumi da ɗigon miya su ke kiran asu, a tabbatar ta bushe ƙarau, a ninke ta a sa a jaka mai zif ko akwati mai rufuwa sosai da ɗan kafur a ƙulle cikin ƙyalle, nesa da hannun yara. Tsakiyar damina a fito da ita a duba, a shanya ta a inuwa ta sha iska a mayar.